Yadda ake zaɓen mastar ga mai son shigo da ilimin yanke shawara cikin aikin gwamnati

Ɗiyar yayata ce ta jawo wannan rubutun. Ta ƙare lisans ta sosiyoloji nan jami'ar André Salifou ta Damagaram, ta iske ni gida Birni bayan la'asar da wayarta a hannu, wai ta ga bidiyo kan yadda mutane ke yanke shawara, da yadda wasu gwamnatoci ke ɗan zungurar jama'a su yi abin da zai amfane su ba tare da doka ko tara ba. Ta ce, "Kawu, ni a kan wannan ni ke so in yi mastar, amma fa ba asibiti ni ke son zama ina sauraren damuwar mutane ba, so ni ke in shiga inda ake tsara ma talakawa abubuwa." Muka zauna har aka kira magariba shayi ya huce. Ga abin da na faɗa mata, haɗe da wanda na manta ranar.

Bari in ɗan share fage saboda wanda bai san fannin ba. Da can masana tattalin arziki sun ɗauki mutum kamar na'urar lissafi, kullum zai auna riba da asara ya zaɓi mafi kyau. Herbert Simon, wanda ya samu Nobel a 1978, ya ce ina, lokaci da ƙwaƙwalwa ba su kai can ba, mutum in ya samu abin da ya ishe shi tsayawa ya ke. Sai Daniel Kahneman da Amos Tversky suka fito da aikinsu na 1979 da ya nuna zafin ɓatar da jikka guda ya fi daɗin tsintar jikka guda. Kahneman ya samu Nobel a 2002, Richard Thaler a 2017. A 2010 gwamnatin Ingila ta buɗe ɗan ofis mai suna Behavioural Insights Team, su canza yadda ake rubuta wasiƙar haraji ko fom su ga ko mutane za su fi amsawa, a 2015 kuma Bankin Duniya ya ware rahotonsa na shekara sukutum kan wannan magana. Mu kam mun daɗe da sanin rabin abin, wanda ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ai ya gama bayanin son na-yanzu, wato fifita abin hannu na yau a kan na gobe, kuma matar da ke zubin adashi ta san sarai in kuɗin ya kwana ɗakinta biki ko baƙo zai cinye shi, shi ya sa ta ke ɗaure kanta da zubi. Abin da masanan suka ƙara shi ne awo, wato gwada dabara a auna sakamakonta da adadi. Riƙe wannan kalmar, dan duk zaɓen da za ka yi a kanta zai tsaya.

Mataki na farko: kama matsala guda ta gida

Kada ka fara da buɗe shafukan jami'o'i, za su ruɗa ka da hotunan ciyawa da dogayen gine-gine. Fara da abu guda da ke ci maka tuwo a ƙwarya. Misali manomin Mirya ko Magarya da ke saida hatsi da kaka lokacin da tiya ta faɗi ƙasa, ya dawo da damina ya sayi shi wannan hatsin da tsada. Ko uwar da ta kai yaro allurar rigakafi ta farko ba ta koma ta ƙarshe ba, ko takardar haihuwa da ba a nema sai ranar da za a sa yaro lakwal.

A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun lura manoma na cewa za su sayi taki amma in shuka ta zo kuɗin sun ƙare, sai suka gwada saida masu takardar takin tun da kaka, kuɗi na hannu, da alkawarin kawo shi har gida kyauta, kuma masu sa taki suka ƙaru. Kusan dabarar warantaji ce da muka sani nan, a kulle hatsi a sito da kwaɗo biyu a ba ka bashi, sai farashi ya tashi a buɗe. Ba ma sai an je Kenya ba, nan jihar Damagaram Jenny Aker da Kelsey Jack sun yi gwaji a ƙauyuka 180 kan ramin rabin-wata na farfaɗo da fako, suka tarar horo kawai ya sa kusan kowa ya haƙa, ƙara kuɗi a kan horon bai ƙara wani abin kirki ba.

Amma ka yi hattara tun nan, ba kowace matsala ba ce ta tunani. Wani lokaci uwar nan ba mantawa ta yi ba, asibitin ne tafiyar rabin yini kuma ran da ta je ba ta iske ma'aikaci ba. A Udaipur ta Indiya yaran da suka kammala rigakafi kashi 6 cikin 100 ne, da aka sa ma'aikata suna zuwa ƙauye kan lokaci kowane wata ya koma 18, da aka ƙara kyautar kilo guda na wake ya kai 39. Ka ga sai da aka kawo allurar kusa tukuna kyautar ta yi aiki. Wanda ke layin ruwa da jarka a unguwar Kara-Kara ba saƙon waya ya ke jira ba.

Mataki na biyu: wace kujera ka ke son zama

Nan ne mutane ke tsallakewa, su je su ƙare karatu su dawo suna yawo da diplom da ba wanda ya san inda zai ajiye shi. Kujerun dai ba su da yawa. Akwai aikin gwamnati tsantsa, minista ko gwamnora ko meri, wanda ƙofarsa kwankur ce kuma ENA ta Yamai, makarantar horon ma'aikatan gwamnati, ita ce gidan horon. Akwai ƙungiyoyi da proje-proje, inda sunan aikin yawanci bibiya da auna sakamako ne, abin da a biro ake ce ma suivi-évaluation, ko kuma sashen canza ɗabi'a na lafiya da abinci. Akwai bincike, irin INS, hukumar kididdiga ta ƙasa, ko cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL a Yamai, ko J-PAL da IPA masu gwajin dabarun yaƙi da talauci, ko cibiyar Busara ta Nairobi wadda ita wannan fannin ne sana'arta. Sai mai son doktora ya koyar.

Abin da za ka yi, ɗauki wata uku kana tara sanarwar ɗaukar aiki, duk wadda ta burge ka ka rubuta diplom ɗin da suka nema da manhajar da suka ce a iya. Ni dai da na yi haka ban cika ganin an nemi masanin ɗabi'a da sunansa ba, abin da ke maimaituwa shi ne tattalin arziki, kididdiga, sosiyoloji, lafiyar jama'a, sannan manhajojin lissafi Stata ko R, ko Kobo ta tattara bayanai. Kuma kasuwar ta ƙara matsewa tun da Amurka ta rushe USAID a 2025, proje da yawa sun naɗe tabarma. Saboda haka ra'ayina, in nan gida za ka yi aiki, diplom ɗinka ya ɗauki sunan da mai ɗaukar aiki ya sani, ilimin yanke shawara ya zama gishirin da ke ciki.

Mataki na uku: hanyoyin da ke akwai

Hanya ta farko ita ce mastar da ke ɗauke da sunan fannin ɓaro-ɓaro. A Ingila jami'ar LSE ta Landan na da ita, Warwick na da ita, UCL ta Landan na da ta canza ɗabi'a, jami'ar Pennsylvania a Amurka ma haka. A Faransa Paris 1 na da mastar ta tattalin arziki da ilimin halayya a haɗe. A Maroko, jami'ar UM6P na da mastar ta ilimin ɗabi'a da zamantakewa domin manufofin gwamnati, wannan kam ya kamata ɗan Nijar ya leƙa tun da wuri. Na Ingila shekara guda ne, suna da kyau, amma kuɗin makaranta kaɗai a irin LSE ya haura miliyan 18 na sefa, ba haya ba abinci, kuma misalansu da yawa na fansho ne da katin banki da sayayya a kanti.

Hanya ta biyu, mastar ta tattalin arzikin ci gaba ko manufofin gwamnati mai nauyin awo, ka cusa darussan halayya a ciki. Misali mastar PPD ta Paris School of Economics, cibiyar CERDI a Clermont-Ferrand ta Faransa, African School of Economics da Leonard Wantchekon ya kafa a Benin a 2014. Ga kuma kwankur ɗin injiniyan kididdiga da tattalin arziki na shiga ENSEA Abijan, ENSAE Dakar ko ISSEA Yaounde, ana rajista farkon shekara ta hannun INS, akwai iyakar shekaru, wahala gare shi ba wasa amma wanda ya fito can ba ya daɗewa zaune. Ita wannan hanya ta biyu ita na fi ba mutane shawara.

Ta uku, ka zauna gida ko maƙwabta, Abdou Moumouni a Yamai, ko ka bi ta Matamai ka shiga Kano BUK, ko ABU Zariya, ka yi mastar ta sosiyoloji, halayya, tattalin arziki ko lafiyar jama'a, sannan ka cike giɓin da karatun intanet. Kada ka raina ta. Jami'ar MIT ta Amurka na da shirin DEDP ta intanet, na tattalin arziki da nazarin bayanai, ba sa tambayar diplom kafin ka shiga, kallon darasi kyauta ne, kuɗin jarrabawa gwargwadon samunka, kuma wanda ya ci duka da kyau yana iya neman shiga mastar ɗin kanta a can. Mai memwar mai kyau daga Yamai da takardar DEDP a hannu ba ya jin kunyar kowa.

Mataki na huɗu: karanta jerin darussa, ba sunan makaranta ba

Nan zan daɗe dan nan ne ake cutar mutane. Buɗe jerin darussan kowace mastar ka ƙirga nawa ne na awo: kididdiga, ekonometri (kididdigar tattalin arziki), yadda ake tsara gwajin ƙuri'a, wato a raba ƙauyuka ko mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan abu a bar waɗancan, a dawo a auna bambanci. In ka ga mastar cike da jerin sunayen kurakuran tunani guda talatin da za ka haddace, darasin awo guda ɗaya tak ko babu, to wuce, wannan a wayarka ma za ka iya karanta shi.

Dalili kuwa, fannin nan ya sha kunya. A 2015 masana suka haɗu suka sake gwada bincike 100 na ilimin halayya da aka riga aka wallafa, waɗanda suka sake fitowa ba su kai 40 ba. Stefano DellaVigna da Elizabeth Linos kuma suka duba gwaji 126 na ofisoshin zunguri biyu a Amurka, mutum miliyan 23, suka ga matsakaicin tasirin maki 1.4 ne cikin 100, alhali na mujallun jami'a na nuna 8.7. Ga kuma abin da Joseph Henrich da abokansa suka tono a 2010, kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen yamma su ke, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. To abin da ya yi aiki kan ɗalibin Amurka wa ya ce zai yi kan matar Tanut da ba ta yanke shawarar saida akuya ita kaɗai sai ta ji ta bakin maigida da uwar miji? Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma makarantar da ba za ta koya maka gwadawar ba ta sallame ka hannu rabbana.

Sannan duba malaman, akwai wanda ya taɓa aiki a Sahel ko ƙauyen Afirka? Akwai sitaj na dole? Ana barin ɗalibi ya dawo gida ya tattara bayanan memwar? Nemo tsoffin ɗalibai biyu ko uku a LinkedIn, musamman ƴan Afirka, ka tambaye su kai tsaye ina su ke aiki yanzu kuma wata nawa suka yi kafin su samu. In makarantar kuɗi ce ta ƙasashenmu, tabbatar CAMES, hukumar da ke tantance diplom a ƙasashenmu, ta san da diplom ɗin. In ta waje ce mai shekara guda, tambayi yadda za a daidaita maka ita da bak+5 kafin ka tafi. Na san wanda ya dawo ya shekara yana zarya tsakanin ofis da ofis kan wannan takardar kaɗai.

Mataki na biyar: lissafi da Ingilishi

Yawancin masu son wannan fanni daga seri A suka fito, sun gudu daga lissafi tun lise, to ga shi ya tare hanya. Ba sai ka zama malamin lissafi ba, amma matsakaici, yiwuwa, yadda ake zaɓen samfur, da regresiyo (lissafin gano alaƙar wani abu da wani), dole. Sauke R, kyauta ne, ka samo bayanan wani ankat na INS ka dinga wasa da su ko awa guda a rana, in kuran ya ɗauke ka koma takarda. Laccocin Esther Duflo na Collège de France suna YouTube da Faransanci, ran da rezo ya yi kyau ka sauke ka ajiye.

Ingilishi ba makawa, ko a Faransa za ka karanta takardun fannin da shi aka rubuta su. Makarantun Ingila kan nemi maki 6.5 ko 7 a jarrabawar Ingilishi ta IELTS. Mu ƴan Damagaram muna da sa'a, Kano na nan kusa, har ofishin British Council akwai. Ba kanka shekara guda.

Mataki na shida: shiga daji

In dama ta samu kada ka wuce daga lisans zuwa mastar kai tsaye. Nemi aikin anketa, ko na sati uku ne, ka riƙe tablet ka zauna kan tabarma ka yi tambayoyi. Ni can na fara gane cewa tambayar da aka rubuta da Faransanci a biro in ta iso Hausa wani abu daban ta ke zama, ka tambayi dattijo buhu nawa ya noma ya ce maka alhamdulillahi, shi da dami ya ke ƙirga, kuma ba ya faɗa gaban maƙwabci. Akwai ranar da wani shugaban tawagarmu ya dage sai mun cike fom goma sha biyu a yini, ƙarshenta rabin amsoshin ƙarƙashin bishiya aka ƙirƙiro su, daga ranar na daina yarda da kowane adadi sai na san yadda aka samo shi.

Wannan shi ne jarinka wanda ɗan Landan ba ya da shi. Dubi binciken da ya fito a mujallar Nature a 2022 kan matan da ke karɓar jikka 10 a wata na shirin tallafin gwamnatin Nijar. Duka an sa su ƙungiyar asusu an ba su horon sana'a, wasu aka ƙara masu jarin jikka 80, wasu aka ƙara masu horon dabarun rayuwa da majigin da aka nuna ma gari duka aka tattauna, wasu aka haɗa masu biyun. Duka sun ci gaba, amma in aka auna da abin da aka kashe, ɓangaren horo da majigin ne ya fi riba. Wa zai tsara irin wannan majigin ya shiga zuciyar mutane in ba wanda ya san yadda ake magana gaban maigari da liman ba? Asusun Mata Masu Dubara ma da duniya ta kwaikwaya ai a jihar Maradi CARE ta fara shi a 1991.

Mataki na bakwai: kuɗi da biza

Shekarun dajin nan su ne kuma ke buɗe bursi. Chevening ta Ingila na neman shekara 2 ta aiki, ana buɗewa wajen Agusta, kuma sai ka yi alkawarin dawowa gida shekara 2. Ta Japan da Bankin Duniya shekara 3 ta aikin raya ƙasa. Jamus na da shirin Helmut Schmidt na hukumar bursinsu ta DAAD, shi musamman dan manufofin gwamnati aka yi shi, ana nema tsakiyar shekara. Akwai Mastercard Foundation, Erasmus Mundus, Bankin Musulunci, ta Turkiyya a Janairu da Fabrairu, sai na haɗin gwiwa irin na Maroko da ke biyowa ta ANAB, hukumar bursi ta Nijar. Ta Commonwealth kada ka ɓata lokaci, Nijar ba ta ciki.

Biza kuwa tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 lissafin ya canza, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairu 2024, Amurka ma ta tsaurara ma ƴan Nijar. Kafin ka biya ko dala na kuɗin dosiye, binciki inda za ka je neman bizar da abin da tafiyar za ta ci. Shi ya sa na ce ma ɗiyar tawa ta jera makarantu biyar, biyu na nesa, biyu cikin Afirka, ɗaya gida. Kuma kada a saida gonar gado ko filin tsohuwa dan mastar ta shekara guda, in bursi ba ta fito bana ba a sake nema baɗi.

Mataki na takwas: dosiye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Paspo, relebe na kowace shekara, diplom ko atestasiyo, fassarar Ingilishi mai hatimi, duk ka haɗa su wata shida kafin lokaci, dan wata takardar sai ka hau kar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, ka je a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ka sani wasu jami'o'in Ingila da Amurka ba sa ɗaukar lisans ta shekara 3 sai ka haɗa da mastar 1, rubuta masu ka tambaya. Makinmu ma na ruɗa su, 13 bisa 20 a wurinsu kamar ka sha da kyar ne, saboda haka roƙi malamin da zai rubuta maka wasiƙar shaida ya faɗi na nawa ka zo cikin mutum nawa. Je ka same shi da kanka, ka kai mashi CV da bayanin makarantar, ka ba shi wata guda, ka dinga tuna mashi cikin ladabi.

Wasiƙar dalili kuma, kada ka buɗe da cewa tun kana yaro ka ke son taimakon ƙasarka, mutum dubu sun riga ka rubuta haka. Buɗe da matsalar nan ta mataki na farko: ga abin da na gani a gari kaza, ga abin da ni ke zaton yana jawo shi, ga yadda zan gwada in gane ko tunani ne ko rashin hanya, ga darasi kaza da malami kaza na makarantarku da za su koya mani, ga kujerar da zan dawo in zauna. Shafi guda ya isa.

Ita ɗiyar tawa takardar haihuwa ta zaɓa. Ta samu aikin anketa na sati shida wajen Kance, ta sa R a tsohuwar kwamfutata, kuma ta ce kafin ta tafi za ta zauna ƙofar meri kwana uku da littafi, ta rubuta mutum nawa suka zo neman takardar, nawa suka koma ba su samu ba, da abin da aka ce masu ya hana.